Eric Liddell: Daga Filin Wasa Zuwa Filin Bishara

A wannan mako za mu duba rayuwar Eric Liddell, gwanin ƙwallon zari-ruga da tsere, wanda ya ƙare kwanakinsa yana yi wa Ubangiji hidima a ƙasar Sin.

An haife shi ran 16 ga Janairu, 1902, a birnin Tiyanjin na ƙasar Sin, inda iyayensa, mutanen Sukotlan, suke aikin mishan. Yana da shekara shida aka kai shi da wansa Robert makarantar kwana ta 'ya'yan 'yan mishan a Landan. A can ya koyi zari-ruga. Wasa ne na mutum 15 a kowane gefe. Akan rungumi ƙwallo mai siffar ƙwai a sheƙa da ita, abokan karawa kuwa su yi ta ƙoƙarin kā da mai ita kafin ya dire ta a bayan layinsu.

A 1920 ya shiga Jami'ar Edinbara don karatun kimiyya. Saboda saurinsa aka zaɓe shi ya buga wa ƙasar Sukotlan a matsayin ɗan gefe. Wasansa na farko da Faransa ne, a filin Kolomb kusa da Paris, a Janairun 1922, aka tashi 3 da 3. Cikin 1922 da 1923 ya buga wa ƙasarsa sau bakwai, ya dire ƙwallo sau huɗu, sau ɗaya tak aka ci su, a hannun Ingila. Yana cikin waɗanda suka doke Wels a birnin Kadif a 1923, abin da Sukotlan ta rabu da yi tun 1890. A zamanin nan ba a biyan 'yan wannan wasa ko kwabo, sai a 1995 aka amince ya zama sana'a.

Daga nan ya ajiye zari-ruga ya fuskanci tsere. Da aka fitar da tsarin wasannin Olimfik na 1924, sai ga zagayen farko na mita 100, inda ya fi ƙwarewa, ya faɗo ran Lahadi. Liddell ya ƙi shiga. An zarge shi da kunyata ƙasa, amma bai janye ba. Ya koma horon mita 400, ya kuwa ci zinariya ran 11 ga Yuli cikin daƙiƙa 47.6, a filin nan na Kolomb inda ya fara buga wa ƙasarsa.

Ana tsakiyar yabonsa, a 1925, ya koma Sin ya zama malamin makaranta a Tiyanjin. An naɗa shi fasto a 1932, ya auri Florence Mackenzie a 1934, daga baya ya shiga ƙauyuka da bishara ana cikin yaƙin Sin da Japan. Da abin ya tsananta a 1941, ya tura matarsa da 'ya'yansu mata biyu Kanada, shi ya tsaya. A can aka haifi ta ukun, wadda bai taɓa gani ba.

A 1943 sojojin Japan suka tsare shi tare da sauran baƙi a wani sansani a Weifang. Ya koyar da yara, ya taimaki tsofaffi, ya shirya wa matasa wasanni. Da farko ya ƙi yin alƙalancin wasa ran Lahadi. Amma da matasan suka yi nasu su kaɗai har ya kai ga faɗa, sai ya fito ya yi musu alƙalanci. Ciwon ƙari a ƙwaƙwalwa ya ɗauke shi ran 21 ga Fabrairu, 1945, yana da shekara 43, 'yan watanni kafin a buɗe sansanin.

Mu lura, 'yan'uwa. Mutumin da ya ƙi taka fili ran Lahadi don ɗaukakar kansa, shi ne ya taka shi ran Lahadi don salamar yara. Ba taurin kai ya hana shi a Paris ba, ba sanyin bangaskiya ya fito da shi a Weifang ba. Ƙaunar Allah da ta maƙwabci ce ta bishe shi duka biyun. Matasanmu masu baiwar wasa, da mu iyaye masu tsawata musu, duk muna da abin koyo a nan.

Ubangiji ya ba mu zuciya irin wannan. Amin.