Tanimun ɗan Sulaimanu, Sarkin Damagaram da ya ƙera igwa a Zinder

A nan Madarunfa, da an ce ƴan bindiga sai gaban kowa ya faɗi. Daga Gabi zuwa Ɗan Isa, har ƙauyukan da ke bakin dajin Baban Rafi, mun san abin da kalmar take nufi: shigowar dare, kore shanu, ɗauke mutum a nemi kuɗin fansa. To amma shekara 150 da suka wuce, a ƙasar Hausa, ƴan bindiga sunan rundunar sarki ne, masu shugabansu, masu wurin tsayawarsu a fada. A filinmu na tarihi na wannan mako za mu leƙa gabas, mu duba rayuwar sarkin da ya fi kowa tara bindiga a wannan yanki a zamaninsa, wato Sarkin Damagaram Tanimun ɗan Sulaimanu.

Gidan sarautar Damagaram asalinsa daga ƙasar Barno ne, kuma sarakunansa suna kai gaisuwa ga masu mulkin Barno. Mahaifin Tanimun, Sarki Sulaimanu, shi ne ya mai da Zinder mazaunin sarauta a farkon ƙarni na 19. Bayansa sai ɗansa Ibrahim ya hau a 1822. Tanimun bai sami gadon a sauƙaƙe ba. Ya karɓe shi daga hannun ɗan'uwan nasa a 1841, aka tuɓe shi a 1843, Ibrahim ya koma. Sai a 1851 ya sake hawa, daga nan kuma bai sauka ba har rasuwarsa a 1884. Shekara 33 ke nan a jere. Zamaninsa ɗaya da Shehu Umar na Kukawa, da kuma Ɗan Baskore, Sarkin Katsinan Maraɗi, wanda mu a nan ba sai an gabatar mana da shi ba.

Abin da ya ba Zinder ƙarfi shi ne hanya. Ayarin raƙuma da ke tasowa daga Tarabulus ya bi ta Ghat, ya ratsa Ayar, a Zinder yake sauke kaya kafin ya wuce Kano. Fatake suna sauka a Zango, sarki da fadawansa suna Birni. Bajamushe Heinrich Barth ya zauna a garin a ƙarshen 1852 zuwa farkon 1853, ya kuma bayyana shi a matsayin ƙofar shiga ƙasashen Sudan ga mai fitowa daga arewa. Ta wannan ƙofa tufafi da takarda da turare suke shigowa, ta nan kuma bindiga take shigowa. Tanimun ya zagaye Birni da ganuwa, wadda har yau ana ganin kufanta, sannan ya sa hannu sosai a cinikin ayari.

A wancan lokaci yaƙin ƙasar Hausa na doki ne da mashi da takobi, sai ƴan baka da kibiya mai dafi. Akwai bindiga jifa-jifa a Kano da Katsina da Maraɗi, amma ba ita ce ƙashin bayan runduna ba. Tanimun ya canza wannan lissafi. Marubuta tarihi sun kawo adadin bindigoginsa har kimanin 6,000. Igwa kuwa, wasu sun ce 12, wasu sun kai ta 40. Abin da babu saɓani a kansa shi ne, a Zinder ake zuba igwar, a nan ake haɗa albarushi, maƙeran gari ne ke wannan aiki. Ya gane cewa wanda ke jiran ayari ya kawo mishi albarushi daga Tarabulus, ranar da hanya ta toshe sanda ce kawai a hannunsa.

Bari mu tsaya kan kayan aikin, don sunayen har yau muna amfani da su. Bindiga da albarushi da harsashi duk daga Larabci muka aro su, kuma wannan kaɗai ya nuna mana ta inda suka zo. Kalmar harsashi ma asalinta dalma take nufi, don da dalma ake yin sa. Albarushi kuwa abu uku ne: gawayi, farar wuta, da wani irin gishiri da ake tacewa daga ƙasa. Ma'aunin da aka sani a duniya shi ne kashi 75 na gishirin, 15 na gawayi, 10 na farar wuta.

Mafi yawan bindigogin zamanin ta baki ake ɗura su, kamar na mafarautanmu. Ɗan bindiga zai zuba albarushi, ya tura tsumma, ya jefa dunƙulen dalma, ya danna da sanda. In ya ja kunama, sai ɗan dutsen ƙanƙara, irin wanda kakanninmu ke haɗawa da ƙyastu su kunna wuta, ya bugi ƙarfe. Tartsatsi ya kama albarushi, iskar da ta taso ta tunkuɗo harsashi waje. Gwani ne ke harbi biyu ko uku a minti ɗaya. In damina ta jiƙa albarushi, shi ke nan. Ga shi cikin bututun sumul yake, harsashi na fita yana kaucewa, daga nesa ba a cika samun abin da aka auna ba. Amfaninta shi ne a jera mutane da yawa su saki wuta tare, ƙara da hayaƙi su firgita dawaki.

Wa ke riƙe waɗannan bindigogi? Galibi bayin sarki ne, ƙarƙashin shugabannin da su ma bayin fada ne. Dabara ce. Mutumin da ɗan'uwansa ya taɓa tuɓe shi ya san haɗarin barin irin wannan makami a hannun ƴaƴan sarki da hakimai. Da wannan runduna Tanimun ya faɗaɗa ƙasarsa, ƙananan masarautun da ke kewaye irin su Mirriya da Muniyo suka shiga hannunsa, Damagaram ta kai matsayin da Kukawa ba ta iya juya ta yadda take so.

Sai dai fa, jama'a, gaskiya ɗaya ce. Da me ake biyan kuɗin bindigar? Ana fitar da fatu da gashin jimina, amma babban abin da ayari ke komawa da shi arewa mutane ne. Baturen Ingila James Richardson, wanda ya sauka Zinder a farkon 1851, dab da komawar Tanimun kan gado, ya rubuta yadda ake fita hari ƙauyuka a dawo da mata da yara a sayar. Wannan ciniki bai tsaya ba a zamanin Tanimun. A kai hari a kamo mutane, a sayar da su a sayo bindiga, a sake kai hari da ita. Wanda duk ya taɓa sayar da gona ko shanu ya fanso ɗan'uwansa a wannan yanki namu, ba sai mun yi mishi bayanin wannan zagaye ba. Muna yaba wa sarkin kan basira da tsari, muna kuma tuna talakawan da babu wanda ya rubuta sunayensu.

Tanimun ya rasu a 1884. Ɗansa Amadu Kuran Daga, wanda ya hau a 1893, ya gaji rundunar har ya kai yaƙi ƙasar Kano. Amma a ƙarshen watan Yuli na 1899, a Tirmini, yamma da Zinder, ya haɗu da ragowar ayarin Voulet da Chanoine, waɗanda suka riga suka bar toka a garuruwanmu na yamma. Sojojin Faransa ba su kai mutanensa yawa ba, amma bindigoginsu ta baya ake ɗura su, harsashi da albarushi suna haɗe cikin kwanso ɗaya, cikin bututun kuma an yanka wasu layuka masu murɗewa. Layukan nan ke sa harsashi ya fita yana juyawa kamar mazari, ya tafi nesa bai kauce ba. A rana ɗaya aikin shekara 30 ya rushe, Zinder ta faɗa hannun Faransawa.

Waɗannan layuka na cikin bututu su ne kuma suka haifar da wani ilimi da ya shafe mu yau, wato binciken harsashi don gano bindigar da aka yi laifi da ita. Dunƙulen dalmar zamanin Tanimun ba ya ɗauke da wata shaida, tunda bututun sumul ne. Harsashin zamani kuwa, duk wanda ya fita sai layukan sun bar zane a jikinsa. A 1889, shekara 5 bayan rasuwar Tanimun, wani likita a birnin Liyon na Faransa, Alexandre Lacassagne, ya ciro harsashi daga jikin gawa, ya ƙirga zane 7 a kansa, ya haɗa shi da bindigar wanda ake tuhuma. A 1925 kuma, a Amurka, Calvin Goddard da abokan aikinsa suka fara aiki da madubin likita mai kai biyu, wanda ke nuna harsashi biyu gefe da gefe a lokaci ɗaya.

Masu wannan aiki abu uku suke dubawa: abin da ya faru cikin bindiga, tafiyar harsashi a iska, da abin da ya yi a inda ya sauka. Faɗin harsashi yana nuna irin bindigar, misali milimita 7.62 na Kalashnikov, wadda gidan harsashinta ke cin 30. Yawan layuka da ɓangaren da suka murɗa suna ƙara rage zato. Ƙananan ƙarce-ƙarcen da ido ba ya gani su ne ke iya nuna bindiga guda ɗaya tak. Kwanson da ya faɗi ƙasa shi ma shaida ne, don allurar da ta buge shi ta baya tana barin tabonta. Da haka ake iya gane cewa bindigar da aka yi ɓarna da ita a wannan ƙauye ita ce aka harba a wancan.

Saboda haka muna roƙon jama'a, in tsautsayi ya faɗa, Allah ya kiyaye, kada a bar yara su tsince kwanson harsashi suna wasa da shi, kada kuma a zuba a aljihu. A bar shi inda yake, a nuna wa jandarma. Wanda kuma ke ajiye da bindiga ba bisa ƙa'ida ba, ƙasarmu tana da hukumar tattara haramtattun makamai tun 1994, ana iya bi ta hannun maigari ko hakimi a miƙa ta.

Allah ya jiƙan magabata, ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.