MARIGAYI ALHAJI ABUBAKAR IMAM, MAI ARON IRI YA SHUKA A GONARSA

A 'yan shekarun nan ɗalibanmu, musamman na ƙananan azuzuwa, sun kamu da son wasu littattafan Turanci masu ba da labarin dodanni, watau manyan macizan nan masu fukafukai da ke aman wuta, waɗanda Turawa ke kira diragon. Ba mu ga laifin wannan ba, gama yaron da ke karatu ya fi mai zaman banza a gindin darbejiya. Amma sa'ad da muka ce a rubuto mana labarai domin wannan mujalla, sai kusan kowa ya kawo mana yaro maraya, da ƙwan dodo mai sheƙi, da tsoho mai farin gemu, da mugun sarki a bisa dutse mai dusar ƙanƙara. Mu kuwa a Zakirai ƙanƙarar da muka sani ita ce wadda kan faɗo tare da ruwan sama ta yayyage ganyen shuka.

Waɗansu malamai suka ce wannan sata ce. Ɗalibai suka kare kansu da cewa ai mawallafan ma aro suka yi, kuma a nan suna da gaskiya. Christopher Paolini na Amurka yana ɗan shekara 15 ya soma rubuta Eragon, wanda ya fito a 2002, masu sharhi da yawa kuma suka nuna yadda ya bi sawun Tolkien da fim ɗin Star Wars. Shi kansa Tolkien, a littafinsa The Hobbit na 1937, ya ɗauko dodon da ke kwance bisa tarin zinariya, da ɓarawon da ya sace masa ƙoƙo, daga tsohuwar waƙar Ingila mai suna Beowulf. To, idan kowa aro yake yi, ina bambancin mai fasaha da mai kwaikwayo? Ba sai mun ƙetare teku neman amsa ba. Muna da mutum a gida wanda rayuwarsa da aikinsa suka shafi wannan tambaya, shi ne marigayi Alhaji Dokta Abubakar Imam.

An haifi Abubakar Imam a shekarar 1911 a garin Kagara, wanda yanzu ke cikin Jihar Neja. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, malami ne kuma alƙali, saboda haka yaron ya buɗe ido cikin allo da tawada da littattafan Larabci. Daga baya aka kai shi Katsina wurin wansa, Malam Bello Kagara, wanda ke koyarwa a can. A Katsina ya shiga makarantar boko, ya wuce Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a 1927, ya gama a 1932, aka ba shi aikin koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. Zamanin Sarki Muhammadu Dikko ne, saurayin malamin kuwa ya ga fada da idonsa, ya ga yadda fadawa ke faɗuwa gaisuwa, ya ji kirarin maroƙa da zaurancen dogarai. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

A 1933 wani Baturen ilmi, Dokta Rupert East, shugaban Hukumar Fassara da ke Zariya, ya zaga garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Abu ne baƙo a lokacin. Malamai sun saba rubuta waƙar wa'azi da tarihi da fiƙihu, tatsuniya kuwa ta mata ce da yara bayan cin tuwon dare, babban mutum ba ya ɓata takarda a kanta. Duk da haka gasar ta haifi littattafai 5 da aka soma bugawa a 1934: Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, Jiki Magayi na John Tafida na Wusasa tare da East, sai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. Yana ɗan shekara 22 ya rubuta shi, bai fi manyan ɗalibanmu da shekaru masu yawa ba.

Ruwan Bagaja labarin Alhaji Imam ne, wanda ya bar gida neman wani ruwan magani domin ɗan sarki da ke kwance ba lafiya, ya yi shekaru yana yawon duniya har ƙasar aljannu. A hanya kullum sai ya yi karo da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, yau wannan ya damfari wancan, gobe wancan ya rama. Mawallafin bai ɓoye inda ya samo wannan tsari ba. Ya bayyana cewa daga Muƙamatul Hariri ya gan shi, littafin da Hariri mutumin Basra ya rubuta fiye da shekara 800 kafin haihuwar Imam, wanda kuma malaman zaure na ƙasar Hausa suka daɗe suna karantarwa. A cikinsa akwai mutum biyu, Abu Zaidu mai wayo da Harisu mai ba da labari, da ke ta haɗuwa gari bayan gari. Imam ya ɗauki wannan ƙashi. Naman da ya ɗora masa kuwa na nan ne: kasuwa, da zauren alƙali, da gidan baƙi, da malamin tsibbu, da ƙauye mai saurin yarda da baƙo. Duk wanda ya taɓa cin kasuwar ƙauye ya ga Malam Zurƙe da idonsa, ko da da wani suna.

East ya lura da baiwar saurayin. A 1936 ya roƙi a ba shi aronsa daga Katsina, Imam ya zauna a Zariya wajen wata 6. Aka tara masa littattafai na Larabawa da Indiyawa da Turawa, aka ce ya karanta ya fitar da littafin karatu domin makarantun Arewa. Abin da ya fito shi ne Magana Jari Ce, littafi 3, wanda aka soma bugawa a 1937, shekarar da The Hobbit ya fito a Ingila. Labaran da ke ciki sun kai wajen 80, masana kuma sun bi diddigin da dama daga cikinsu har gidajensu na asali: Dare Dubu da Ɗaya, da Kalila wa Dimna, da tatsuniyoyin Jamus da 'yan'uwa biyu masu suna Grimm suka tattara, da sauransu, ban da tatsuniyoyin Hausa da abin da ya ƙaga da kansa.

A nan ne muke so ɗalibai su tsaya su duba da kyau, gama a nan aikin yake.

Akwai wani tsohon littafin Indiya da ya ƙunshi labarai 70 na wani aku, wanda Farisawa ma suka juya zuwa harshensu. A cikinsa wani ɗan kasuwa ne ya yi tafiya ya bar matarsa da aku. Kowane dare matar takan shirya fita wurin wani namiji, aku kuwa sai ya tsare ta da labari har gari ya waye. Wannan ba abin da za a miƙa wa ɗan makaranta ba ne. Mai kwaikwayo da sai ya kwafe shi haka nan, ko kuwa ya jefar da shi ɗungum. Imam bai yi ko ɗaya ba. Ya riƙe akun, ya riƙe dabarar tsare mutum da labari har asuba, sa'an nan ya sauya duk sauran. Ɗan kasuwa ya zama Sarki Abdurrahman ɗan Alhaji wanda ya fita yaƙi. Matar ta zama ɗansa Musa, yaro mai zafin zuciya da ke son bin abokinsa Mahmudu fagen fama. Haɗarin da ke jira a waje ya zama makircin Waziri mai kwaɗayin gadon sarauta, wanda ya haɗa kai da abokan gaba. Da wannan sauyi labarin ya tashi daga zancen amanar aure ya koma zancen sarauta, da cin amanar fada, da haƙurin yaro, da kuma darajar magana, har tsuntsu ya zama waziri saboda bakinsa. Fadar da ke cikin littafin kuwa ba ta Bagadaza ba ce. Irin wadda ya gani a Katsina ce, da bayin sarki da 'yan lifida da tambura.

Ga wani ƙaramin misali da kowa ya sani, labarin Kalala da Kalalatu. A wurin Grimm, wata kuku ce ta cinye kaji biyu da maigidanta ya sa a gasa wa baƙo. Da baƙon ya iso ta raɗa masa cewa maigida na wasa wuƙa ne don ya yanke masa kunne, ta koma ta gaya wa maigida baƙo ya gudu da kajin. Maigida ya bi shi da wuƙa a hannu yana roƙon a bar masa ko guda, baƙo kuwa na tsammanin kunnensa ake nufi, ya ƙara mai. Imam ya san gidan talakan Bahaushe ba ya ajiye kuku, sai ya mai da su miji da mata, ya raɗa musu sunaye masu ban dariya tun kafin a shiga labarin, ya shigo da al'adarmu ta karrama baƙo da kunyar da ke kan maigida in baƙonsa ya tashi da yunwa. Yara nawa suka yi dariyar wannan labari a Arewa ba tare da ya taɓa faɗo musu a rai cewa daga Jamus ya zo ba? Haka labarin Sarkin Busa, wanda asalinsa mai sarewar garin Hamelin ne.

Mu 'ya'yan manoma bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. Gyaɗa da masara da rogo duk daga nahiyar Amurka aka kawo irinsu. Amma wa zai shiga kasuwar Zakirai ya ce ƙuliƙuli baƙo ne? Kakanninmu sun karɓi iri, suka gwada shi da ƙasarmu mai yashi da damina mai gajarta, suka koyi shuka shi tsakanin gero da dawa, har gyaɗa ta tsayar da dala a Kano. Wanda ya sayo gwangwanin abinci daga waje ya kankare tambarin ya manna nasa, shi kam bai yi noma ba.

Ba za mu ce aikin Imam ba shi da abin faɗa ba. Ba kowane labari ne ya yi saiwa daidai ba. Na Ƙamaruzzaman, a ganinmu, har yanzu da ƙanshin Dare Dubu da Ɗaya a jikinsa, da sunayensa da aljannunsa. Har ila yau littattafan sun shiga hannun ɗalibai ba tare da an bi kowane labari an faɗi inda aka samo shi ba, mutane da yawa suka girma suna zaton duk daga kansa suka fito. Al'adar wancan zamani ce, kuma aikin da hukuma ta sa shi ke nan. Ɗalibin yau ba shi da wannan uzuri, in ya ara sai ya faɗa.

Game da dodanni kuwa, marubutan wancan ƙarni ba su rasa na gida ba. Ga Dodon tatsuniya mai haɗiye mutane, ga macijiyar rijiyar Kusugu ta Daura wadda Bayajida ya kashe, ga aljannun tsamiya da na kuka. Wansa Bello Kagara ya ɗauki jarumin da ya yi yaƙi da Turawa a ƙasar Kwantagora, ya wuce da shi har ƙasashen aljannu, ya sami Ganɗoki. Daga baya Ahmadu Ingawa ya aro wani jarumin tatsuniyar Rasha, ya fito da Iliya Ɗan Maiƙarfi. Ba mu ga ko ɗaya daga cikin waɗannan dodanni na gida a labaran da aka kawo mana bana ba.

Sauran rayuwar Imam ta fi karkata ga jarida da aikin ƙasa. A Janairu 1939 aka soma buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, shi ne kuma editanta na Hausa na farko, ya riƙe ta fiye da shekara 10. Ta hanyarta Hausar rubutu ta sami daidaito, talaka kuma ya sami inda zai aika da wasiƙar kukansa. A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya tafi Ingila cikin ayarin 'yan jaridar Afirka ta Yamma tare da Dokta Nnamdi Azikiwe, ya gana da Lugga, ya gaya masa damuwar matasan Arewa masu ilmi. Labarin wannan tafiya ne ya zama littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi. Yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa tare da Dokta R. A. B. Dikko, ya zama ɗan Majalisar Wakilai, amma bai daɗe cikin siyasa ba. Ya koma aikin littattafai, daga nan ya yi shekaru a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Arewa. Ya rubuta Ikon Allah tare da East domin koyar da kimiyya, da littattafan tarihi da na addinin Musulunci. Jami'ar Ibadan ta ba shi digirin girmamawa na Dokta.

Abin da ke ba mu mamaki shi ne, manyan littattafansa na hikaya duka ya gama su kafin ya cika shekara 30, bai kuma sake komawa wannan fage da irin wancan ƙarfi ba. Ya rasu a Zariya ranar 19 ga Yuni, 1981, yana da shekara 70. A 1989 aka buga tarihin rayuwarsa da ya bari a rubuce, wanda Alhaji Abdurrahman Mora ya tsara.