Kyaftin Mbaye Diagne: Sojan Senegal da ya ceci ɗaruruwan mutane a Ruwanda ba tare da bindiga ba

Lambar yabo mafi girma da Majalisar Ɗinkin Duniya ke bai wa sojan kiyaye zaman lafiya saboda jarumta tana ɗauke da sunan wani ɗan Afirka ta Yamma, Kyaftin Mbaye Diagne na ƙasar Senegal. Ya rasu a birnin Kigali a shekarar 1994 yana da shekara 36, bayan ya shafe kusan wata biyu yana kuɓutar da mutane daga hannun masu kisan kiyashi. Sai da aka yi shekara 20 cur kafin Majalisar ta waiwayi aikin da ya yi.

Daga Koki zuwa Kigali

An haifi Mbaye Diagne ranar 18 ga watan Maris na 1958 a garin Koki da ke yankin Louga, garin da ya yi suna a Senegal saboda babbar tsangayarsa ta karatun Alƙur'ani. Ya tashi a Pikine, unguwar talakawa da ke gefen Dakar, kuma shi ne na farko a gidansu da ya shiga jami'a. Bayan ya kammala Jami'ar Dakar ya shiga makarantar horar da hafsoshin soja, daga bisani ya yi aiki a yankin Casamance mai fama da tawaye.

A 1993 aka tura shi Ruwanda cikin tawagar sojojin sa ido ta Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, OUA. Da aka kafa rundunar MINUAR ta Majalisar Ɗinkin Duniya ƙarƙashin Janar Roméo Dallaire ɗan Kanada, sai aka mayar da shi cikinta. Aikin rundunar shi ne sa ido kan yarjejeniyar Arusha tsakanin gwamnatin Juvénal Habyarimana da ƴan tawayen FPR. Aikin Mbaye kuwa bai wuce ya gani, ya rubuta rahoto ba. Ko makami dokar aikinsa ba ta ba shi damar riƙewa ba.

Ranar da Kigali ta kama da wuta

Daren 6 ga Afrilu na 1994 aka harbo jirgin shugaba Habyarimana. Kafin gari ya waye an cika titunan Kigali da shingaye, sojoji da ƴan daban Interahamwe suna duba katin shaida suna ware ƴan ƙabilar Tutsi. Washegari aka kashe Firaminista Agathe Uwilingiyimana da mijinta, aka kuma kashe sojojin Beljiyam 10 da aka tura su tsare ta.

Ƴaƴan firaministar sun ɓuya a wani rukunin gidajen ma'aikatan Majalisar Ɗinkin Duniya da ke kusa da gidansu. Motocin sulke da aka yi alkawarin turowa ba su iso ba. Mbaye ya kwantar da yaran a bayan motarsa, ya rufe su, ya ratsa shingaye da su har otal ɗin Mille Collines. Daga can aka fitar da su daga ƙasar, suka samu mafaka a Suwizalan.

Maimakon a ƙara wa rundunar ƙarfi, sai aka rage ta. Beljiyam ta janye sojojinta, sannan ranar 21 ga Afrilu Kwamitin Sulhu ya yanke shawarar zaftare MINUAR daga kimanin sojoji 2,500 zuwa 270. Ƴan tsirarun da suka rage sun samu kansu a kewaye, ga ƙarancin mai da abinci da magani, ga luguden wuta daga ɓangarorin biyu.

Raha da sigari a bakin shinge

A cikin wannan hali ne Mbaye ya riƙa fita shi kaɗai a farar motarsa. Motar ba ta ɗaukar fiye da mutum uku zuwa biyar, don haka sai ya yi ta sawu. Kowane sawu kuma na nufin tsayawa a shinge bayan shinge gaban matasa masu adduna, da yawansu a buge. Abokan aikinsa da ƴan jaridar da suka san shi sun ba da labarin yadda yake yi: ya sauko yana dariya, ya ja su da wasa, ya miƙa sigari ko ɗan kuɗi, wani lokaci kuma ya daka musu tsawa irin ta hafsa, har su ɗaga masa itacen ya wuce. Ya san shugabanninsu da suna, su ma sun san fuskarsa.

Waɗanda ya kwaso yakan kai su Mille Collines, inda mutane fiye da 1,200 suka fake, ko wasu wuraren da ke hannun Majalisar. A farkon watan Mayu, da ƴan daba suka tare ayarin motocin da ke ƙoƙarin kai wasu daga otal ɗin zuwa filin jirgin sama, yana cikin waɗanda suka tsaya tsakanin maharan da fasinjojin har aka samu aka mayar da su otal da ransu. Janar Dallaire ya san cewa kyaftin ɗin na saɓa wa umarni, amma ya kau da kai.

Ranar 31 ga Mayu, yana kan hanyar kai saƙo hedikwatar rundunar, ya tsaya a wani shingen sojojin gwamnati. Harsashin igwa da aka harbo daga ɓangaren FPR ya faɗi bayan motarsa, ɓaraguzansa suka same shi, nan take rai ya yi halinsa. Saura kwana 12 wa'adinsa ya cika ya koma wurin matarsa da ƴaƴansa biyu. Rundunar ba ta da ko jakar saka gawa, sai da shuɗiyar tamfol irin ta ƴan gudun hijira aka naɗe shi. An yi masa jana'iza a Senegal.

Kisan kiyashin ya ci rayukan mutane kusan 800,000 cikin kwana 100. Ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta ƙiyasta cewa waɗanda Mbaye ya ceta sun kai 600, wasu kuma na cewa sun kai 1,000.

Yabon da ya zo a makare

Senegal ta karrama shi a 2005, Ruwanda kuma a 2010. Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta motsa ba sai ranar 8 ga Mayu na 2014, lokacin da Kwamitin Sulhu ya amince da ƙuduri mai lamba 2154 wanda ya ƙirƙiro lambar yabo da sunansa, bisa shawarar ƙasar Jodan. A 2016 Ban Ki-moon ya miƙa lambar ga iyalansa.

Irin wannan jinkiri ya taɓa faruwa. A watan Satumba na 1961, dubban mayaƙan Katanga sun yi wa sojojin Ailan kimanin 155 ƙawanya a garin Jadotville na Kwango, wanda yanzu ake kira Likasi. Sun yi kwana biyar suna fafatawa ba a kashe musu ko mutum ɗaya ba, sai da harsashi da ruwa suka ƙare suka miƙa wuya. A gida an daɗe ana yi musu kallon matsorata. Sai a 2017 aka ba su lambar yabo, shekara 20 bayan rasuwar kwamandansu Pat Quinlan. A Kwango da Ruwanda duka, yaba wa ƙananan sojojin na nufin tono gazawar manyan da suka bar su ba agaji, abin da ya sa aka gwammace yin shiru.

Wannan labari ba baƙo ba ne ga iyalai a Paspanga da sauran unguwannin Wagadugu, ko Yamai da Maraɗi da Njamena, waɗanda ƴaƴansu suka sa shuɗiyar hula a Mali. A Oktoban 2014 an kashe sojojin Nijar 9 a yankin Gao. Ranar 2 ga Yuli na 2015 an kashe na Burkina Faso 6 a hanyar Gundam zuwa Timbuktu. Kafin a rufe MINUSMA a ƙarshen 2023, ta rasa ma'aikata fiye da 300.

Ɗaya daga cikinsu, Kyaftin Abdelrazakh Hamit Bahar ɗan Chadi, wanda ya rasu yana kare sansanin Aguelhok a Afrilun 2021, an ba shi lambar Mbaye Diagne a 2022. Sauran kuwa, yawancinsu har yau iyalansu da abokan aikinsu ne kaɗai ke riƙe da sunayensu.