Edward Trudeau: Likitan Da Ya Yi Shekara 42 Yana Jinyar Kansa Da Jinyar Jama'a

A cikin mutanen da suka kafa harsashin yaƙi da cututtukan huhu a duniya, da wuya a sami wanda cutar ta ɗanɗana wa ɗaci kamar Edward Livingston Trudeau. Tarin fuka ya kashe masa ɗan'uwa, ya kashe masa 'ya, shi kansa kuma ya zauna a ƙirjinsa fiye da shekara arba'in. Amma wannan bawan Allah shi ne ya gina gidan jinyar masu tarin fuka da ya zama abin koyi a Amurka, ya kuma zama shugaban farko na ƙungiyar da a yau ake kira American Lung Association, ɗaya daga cikin tsofaffin ƙungiyoyin lafiya na sa-kai a ƙasar.

An haife shi a birnin Niyok ranar 5 ga Oktoba, 1848, a gidan likitoci, domin mahaifinsa da kakansa na wajen uwa duk likitoci ne. Auren iyayensa ya mutu tun yana ƙarami, sai aka tafi da shi Faris, babban birnin Faransa, inda ya tashi ya yi karatu. Ya komo Amurka a 1865 yana ɗan shekara 17, da niyyar shiga makarantar sojan ruwa.

Ana cikin shirin tafiyarsa sai tarin fuka ya kama yayansa. Saurayin ya ajiye zancen soja, ya tare a ɗakin maras lafiya, yana kwana tare da shi, yana yi masa wanka, yana ba shi abinci. A wancan zamani likitoci ba su san cutar tana yaɗuwa ta iska ba. Yawancinsu sun ɗauka gadonta ake yi, kuma sun yi imani cewa iskar waje tana tsananta tari. Don haka likitan da ke duba yayan ya hana a buɗe taga ko kaɗan. Bayan kamar wata uku yayan ya rasu. A wannan rufaffen ɗaki ne ake kyautata zaton Trudeau ya shaƙi cutar da ta bi shi har kabari.

A 1868 ya shiga kwalejin koyon aikin likita ta Jami'ar Columbia, ya kammala a 1871, kuma a shekarar ya auri Charlotte Beare. Bai daɗe da fara aiki ba zazzaɓi da kasala suka riƙa damunsa. A 1873 wani abokin aikinsa, Dakta Edward Janeway, ya auna ƙirjinsa, ya sanar da shi cewa cutar ta riga ta ci babban sashe na huhunsa na hagu. A lokacin, wannan labari daidai yake da hukuncin kisa.

Da ya ga kamar kwana ya ƙare, sai ya zaɓi ya ƙarasa ragowar ransa a inda ya fi so, wato dazuzzukan tsaunukan Adirondack da ke arewacin jihar Niyok, inda ya saba zuwa farauta. Ya isa masaukin Paul Smith a galabaice, har sai da wani ɗan rakiyar mafarauta ya ɗauke shi a hannu ya hau da shi bene. Amma da ya yi 'yan watanni yana hutawa, yana cin abinci mai kyau, yana yini a sarari, sai zazzaɓin ya lafa, jiki ya fara murmurewa. Da ya koma birni ciwo ya taso, da ya dawo daji ya sami sauƙi. A 1876 ya kwashe iyalinsa ya zauna dungurungum a Saranac Lake, wani ɗan ƙauye na masu saran katako da mafarauta.

Shekarar 1882 ta sauya masa alkibla ta fuska biyu. Ta farko, ya karanta labarin likitocin Jamus guda biyu, Hermann Brehmer da Peter Dettweiler, waɗanda ke jinyar masu tarin fuka da hutu da abinci da iska mai tsabta, a ƙarƙashin tsari da sa idon likita. Ta biyu, ranar 24 ga Maris na shekarar, Robert Koch ya bayyana a Balin cewa ya gano ƙwayar da ke haddasa cutar. Trudeau ba ya jin Jamusanci, sai wani abokinsa mai harkar ɗab'i ya sa aka fassara masa rubutun Koch ya ba shi kyauta. Likitoci da yawa a Amurka sun yi tababa, shi kuwa ya gamsu. Ya je Niyok ya koyi yadda ake rina ƙwayar don a gan ta a madubin likita, ya dawo ya mai da wani ɗan ɗaki a gidansa wurin bincike. Da akwati na ƙirar gida da fitilar kananzir ya riƙa ɗumama ƙwayoyin cikin tsananin sanyi, har ya shiga sahun farko na waɗanda suka raina su a Amurka.

Abin da ya fi damunsa shi ne talaka. Masu hali suna iya kama ɗaki a masaukin tsauni su huta, amma ma'aikacin masana'anta da ke kwana cikin cunkoso ba shi da wannan gata. Sai Trudeau ya shiga neman taimako daga attajiran da ke zuwa shaƙatawa a yankin. 'Yan rakiyar mafarauta da ya saba da su suka yi karo-karo, suka sayi fili eka 16 suka ba shi. A nan aka gina wani ɗan gida mai ɗaki ɗaya, jan fenti, wanda aka yi wa laƙabi da Little Red. A 1885 ya karɓi majinyatansa na farko, wasu 'yan'uwa mata biyu ma'aikatan masana'anta daga Niyok. An zaɓi ƙananan gidaje a warwatse maimakon babban gini guda don iska ta riƙa ratsawa, kada kuma a cusa marasa lafiya wuri ɗaya. Kuɗin da majinyaci ke biya bai kai abin da ake kashewa a kansa ba, gudummawa ce ke cike giɓin, shi kuma Trudeau bai karɓi albashi ba.

Tambayar da ta rage ita ce, idan ƙwaya ce ke kawo cutar, mene ne amfanin iska da abinci? A 1886 ya nemi amsa da zomaye 15, ya kasa su kashi uku. Biyar ya sa musu ƙwayar ya kulle su a akwati mai duhu, da ƙarancin abinci. Huɗu suka mutu cikin wata uku. Biyar bai sa musu ƙwayar ba, amma ya tsare su a rami mai danshi. Suka rame, sai dai ko ɗaya bai kamu ba. Biyar na ƙarshe ya sa musu ƙwayar ya sake su a wani ɗan tsibiri mai ciyawa da rana. Ɗaya kaɗai ya mutu, sauran suka yi ɓul-ɓul. Darasin ya fito fili: wahala kaɗai ba ta haifar da tarin fuka sai da ƙwayar, amma halin da jiki yake ciki yana da babban tasiri a kan wanda zai yi galaba.

Sunan Saranac Lake ya bazu, musamman bayan da marubucin nan Robert Louis Stevenson ya yi hunturun 1887 zuwa 1888 a garin a ƙarƙashin kulawarsa. Sai dai jarrabawa ba ta bar shi ba. A 1893 'yarsa Charlotte ta rasu da tarin fuka tana budurwa, duk da iliminsa. A ƙarshen shekarar gobara ta cinye gidansa da ɗakin bincikensa. Wani mai hali, George Cooper, ya ɗauki nauyin sabon gini na dutse, wanda aka buɗe a 1894, ya zama ɗakin bincike na farko a Amurka da aka keɓe wa wannan cuta. A 1904 kuma ɗansa Edward, matashin likita, ya rasu bayan ciwon sanyin haƙarƙari. Cikin 'ya'yansa huɗu, Francis kaɗai ya rayu bayansa.

A wannan shekara ta makoki ce likitoci da sauran jama'a suka taru a Atlantic City suka kafa ƙungiyar ƙasa ta nazari da rigakafin tarin fuka, suka zaɓi Trudeau shugaba, William Osler da Hermann Biggs kuma mataimaka. Sabon abu a tsarinta shi ne haɗa likita da wanda ba likita ba a kan cuta guda, bisa fahimtar cewa annobar da cunkoso da yunwa da jahilci ke ciyarwa ta fi ƙarfin asibiti shi kaɗai. Ƙungiyar ta duƙufa ga wayar da kai a kan tofar da majina barkatai, da buɗe tagogi, da kai rahoton masu ɗauke da cutar, da matsa wa hukumomi su gina wuraren jinya. A 1907 wata mata mai aikin agaji a jihar Delaware, Emily Bissell, ta kwaikwayi wata dabara daga Danmak, ta sayar da 'yan kananan tambura na lokacin Kirsimeti a kan kwabo guda. Dala 300 take nema don ceto wani ɗan gidan jinya, sai ta tara dala 3,000. Daga baya waɗannan tambura suka zama babbar hanyar samun kuɗin ƙungiyar.

Trudeau ya rasu a Saranac Lake ranar 15 ga Nuwamba, 1915, yana da shekara 67, sanadin cutar da ya yi ta yaƙa. Majinyatansa ne suka tara kuɗi aka sassaƙa mutum-mutuminsa a 1918.

Hutu da iska ba su kashe ƙwayar tarin fuka, kuma da yawa daga waɗanda suka je tsaunin ba su koma gida ba. Abin da gidajen jinya suka yi shi ne ba jiki damar kare kansa, da raba maras lafiya da cunkoson da zai yaɗa cutar. Maganin gaske ya zo ne da gano streptomycin a 1943 da fara amfani da isoniazid a 1952, kuma a 1954 aka rufe gidan jinyar Trudeau saboda buƙatarsa ta kau. Ƙungiyar kuwa ta ci gaba, ta faɗaɗa aikinta zuwa asma da illar taba da gurɓatar iska, ta ɗauki sunanta na yanzu a 1973.

A yau yawancin masu tarin fuka suna warkewa da maganin wata shida, amma har yanzu cutar tana kashe fiye da mutum miliyan ɗaya a duniya kowace shekara, kuma Najeriya tana cikin ƙasashen da ta fi yi wa katutu. Mafi yawan waɗanda take ɗauka irin mutanen da Trudeau ya gina wa ɗan jan gidan nan ne, wato masu kwana cikin cunkoso, waɗanda abinci bai wadace su ba, kuma ba sa isa wurin likita sai ciwo ya yi nisa.