Dokta Bala Usman: Ɗan sarautar da ya kunna wa talaka Fitila

An haifi Yusufu Bala Usman a Musawa ta ƙasar Katsina a shekarar 1945, a gidan sarauta gaba da baya. Jikan Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ne ta wajen uba, ta wajen uwa kuma jikan Sarkin Kano Abdullahi Bayero. Sai dai bai nemi rawani ba, alƙalami ya riƙe har ƙarshen rayuwarsa.

Ya yi karatu a Kwalejin Gwamnati da ke Kaduna, ya wuce Jami'ar Lancaster a Ingila, sannan ya dawo ya koyar a Kwalejin Barewa da ke Zariya kafin ya koma Sashen Tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello. A can ya sami digirin digirgir da bincikensa kan tarihin Katsina. Yana cikin kwamitin da Janar Murtala Muhammed ya kafa a 1975 don tsara kundin mulki, inda shi da Dokta Segun Osoba suka ƙi amincewa da daftarin masu rinjaye, suka rubuta nasu daban. A Jamhuriya ta Biyu ya riƙe muƙamin Sakataren Gwamnatin Jihar Kaduna a mulkin jam'iyyar PRP.

Aikinsa na jarida ya kankama ne a zamanin Janar Ibrahim Babangida, ɗan Minna, wanda ya karɓi mulki a 1985. A 1986 gwamnati ta shigo da shirin tsuke bakin aljihu na SAP, darajar naira ta faɗi, tsadar rayuwa ta addabi jama'a. A lokacin, manyan jaridun Arewa, New Nigerian da Gaskiya Ta Fi Kwabo, duk na gwamnati ne, kuma ba a sa ran ɗan gida ya tona asirin gida.

Wannan giɓi ne Bala Usman da abokan gwagwarmayarsa suka cike da mujallu biyu masu zaman kansu: The Analyst da Turanci, da Fitila da Hausa. Suka riƙa bin diddigin bashin da ake bin Nijeriya, da ƙwacen gonakin manoma, da yadda masu hannu da shuni ke fakewa da addini su gwara kan talakawa. Wannan batu na ƙarshe shi ne jigon littafinsa The Manipulation of Religion in Nigeria, wanda ya fito a 1987, shekarar rikicin Kafanchan.

Muhimmancin Fitila yana ga harshenta. Bayanin da a da ba ya wuce zauren jami'a sai ga shi cikin Hausa, a hannun malamin firamare da tela da manomi, mai karatu ɗaya ya karanta wa majalisa guda. Ta ɗauki talaka a matsayin mai hankalin da za a ba shi hujja ya yanke hukunci da kansa.

Abin bai zo masa da sauƙi ba. A 1989 aka raba shi da aikinsa na jami'a, sai da kotu ta mayar da shi. Daga baya ya jagoranci cibiyar bincike ta CEDDERT a Zariya, ya ci gaba da rubutu da muhawara.

Ya rasu a Zariya ranar 24 ga Satumba, 2005, yana da shekara 60. Fitila ta daɗe da daina fitowa, amma tambayoyin da ta yi kan bashi da gona da addini har yau suna jiran amsa. Allah Ya jiƙansa da rahama.