Grace Hopper, malamar lissafin da ta gina wa kwamfuta rumbu

Ranar 1 ga Janairun 1992 wata dattijuwa mai shekara 85 ta mutu a Amurka, aka binne ta a maƙabartar sojoji ta Arlington. Sunanta Grace Hopper. Da wuya ka ji sunan nan a zango, amma duk wanda ya taɓa ɗora sabuwar manhaja a kan tsohuwar kwamfuta ta ƙi tashi, to ya ɗanɗani matsalar da matar nan ta daɗe tana fama da ita.

An haife ta a birnin Niyok ranar 9 ga Disambar 1906. Ta karanci lissafi a kwalejin Vassar, ta koma can tana koyarwa daga 1931, sannan ta sami digirin digirgir a jami'ar Yale a 1934. Abin da ya fara jan hankalina gare ta ke nan, ashe ita ma mai riƙe alli ce irinmu. Yaƙin duniya na biyu ne ya raba ta da aji. Ta shiga rundunar sojan ruwa a 1943, shekarar da ta biyo baya aka tura ta Harvard aiki da wata ƙatuwar na'urar lissafi, Mark I, mai tsawon sama da mita 15.

A zamanin, in wani ya rubuta guntun umarnin da ke yin wani lissafi daidai, sai ya adana a littafinsa. Mai buƙata ya ara ya kwafa da hannu, kuskure kuwa sai ya yi ta shiga. Bayan Hopper ta koma kamfanin da ke ƙera kwamfutar UNIVAC a 1949, sai ta tara guntayen nan a kan faifai, ta ba kowanne lamba. Kai dai ka rubuta lambar, na'ura ta ɗauko ta haɗa da kanta. Wannan shi ne tsarin A-0 na 1952. Ita da wasu masana a Cambridge ta Ingila suna cikin waɗanda suka fara gina irin wannan rumbu na umarnai.

Har gobe a kan rumbun nan ake tafiya. Manhajar da ka sauke ba ta zuwa da duk kayan aikinta, tana sa ran ta tarar da su a rumbun babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar. A Linux, alal misali, akwai rumbu mai suna glibc. In an haɗa manhaja a kan sabon zubinsa, shi za ta nema. In ta tarar da tsoho, sai ta tsaya cak. Tsohuwar manhaja kan zauna lafiya a sabon gida, sabuwar ce ke ƙin tsohon.

Na ga haka a makarantar da nake koyarwa. Kwamfutocinmu 'yan gwanjo ne, injinsu lafiya lau. Muka samo manhajar koyar da lissafi kyauta, ta ƙi buɗewa, wai wani fayil babu. Kuɗin sababbi kuwa babu su. Ranar dai a allo na zana wa yara abin da ya kamata su taɓa da hannunsu.

Hopper ta hango irin wannan tun da wuri, domin a lokacinta umarnin da aka rubuta wa na'urar wani kamfani ba ya aiki a ta wani. Ta jagoranci ƙirƙiro FLOW-MATIC, harshen da ke amfani da kalmomin Ingilishi, kuma daga gare shi kwamitin da ya zauna a 1959 ya ɗebi abubuwa da yawa ya tsara COBOL, ita tana mai ba da shawara. A Disambar 1960 aka gwada shiri ɗaya, da 'yan gyare-gyare kaɗan, a kan na'urorin kamfanoni biyu, RCA da UNIVAC, ya yi aiki a duka. Ta yi ritaya a 1966, rundunar ta sake kiranta a 1967 don ta daidaita harsunan kwamfutocinta, ita da mutanenta suka tsara gwaje-gwajen tabbatar da cewa kowane kamfani ya bi ƙa'ida ɗaya. Sai a 1986 ta tuɓe kaki, tana da shekara 79, da muƙamin riya admiral. Bankuna da yawa har yau suna aiki da COBOL.

To, maganin matsalar tamu ba ɓoyayye ba ne. Mai rubuta manhaja zai iya haɗa ta a kan tsohon tsari, sai ta hau tsoho da sabo. Zai kuma iya ƙunshe mata kayan rumbun da take buƙata ta taho da abinta, ko da za ta ɗan yi nauyi. Ƙannenmu da ke koyon wannan sana'a yanzu, ku ne za ku rubuta wa makarantunmu manhaja gobe. Don Allah kafin ku sake ta, ku nemi kwamfuta mafi tsufa a unguwa ku gwada a kanta.