Sydney Ringer (1835–1910): Likitan da Ya Gano Amfanin Kalsiyam ga Zuciya

An haifi Sydney Ringer a garin Norwich na ƙasar Ingila a shekarar 1835. Ya yi karatun likita a Kwalejin Jami'a ta Landan, inda daga bisani ya zama farfesa. Duk da ɗawainiyar duba marasa lafiya, bai bar ɗakin gwaje-gwaje ba. Babban abin da ya sa a gaba shi ne gano sinadaran jini da ke sa zuciya ta ci gaba da bugawa.

Yakan ciro zuciyar kwaɗo ya sanya ta cikin ruwan gishiri, ta daɗe tana bugawa. A shekarar 1882 ya wallafa sakamakon wannan bincike. Daga baya ya gano cewa mataimakinsa da ruwan famfo ya riƙa haɗa ruwan gishirin, maimakon tataccen ruwa. Da aka maimaita gwajin da tataccen ruwa, sai zuciyar ta raunana ta tsaya ba da jimawa ba. Ringer bai ɓoye wannan kuskure ba. Ya bi diddigin abin da ke cikin ruwan famfon, ya tarar da sinadarin kalsiyam, sannan ya bayyana wa duniya a shekarar 1883 cewa zuciya ba ta bugawa sai da shi.

Masana na baya ne suka fayyace dalili. Kowace ƙwayar halitta tana lulluɓe da tantani mai ƙananan kafofi da ke buɗewa da rufewa. Kalsiyam da ke wajen ƙwayar ya ninka na cikinta kimanin sau 10,000. Idan saƙon lantarki ya iso ƙwayar tsokar zuciya, sai kafofin su buɗe, kalsiyam ya kwarara ciki, tsokar ta tsuke. Daga nan kafofin su rufe, a kwashe kalsiyam ɗin, tsokar ta saki. Wasu magungunan hawan jini, irin su amlodipine, aikinsu shi ne toshe irin waɗannan kafofi a jijiyoyin jini.

Ringer ya rasu a ƙauyen Lastingham a shekarar 1910. Har yau wani nau'in ruwan da ake ƙara wa marasa lafiya a asibitoci sunansa yake ɗauke da shi. Ya kamata ɗalibi mai shirin zama malami ya lura cewa amsa kuskure da bin diddiginsa su suka ɗaukaka wannan masani.